Injin da Na Saukar wa Sale

Saura kaɗan in haɗiye labarin nan in mutu da shi. Ba wani abin ɓoyo ba ne, rabin mutanen Sabuwa sun san shi, sai dai ni ne ban fito da kyau a cikinsa ba, kuma mutum in furfura ta fara kama mashi gemu ya fi son a tuna shi da ranakun da ya yi dabara. To amma ran kasuwa na ji ku a teburin mai shayi kuna cewa haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfi ne kawai, wai ko jaki aka ba dagi sai ya kai ga ruwa. Na taya ku dariya, don jakin da kuke faɗi na san shi, shekara talatin ke nan yana saka hulata. Ku gyara zama.

Rijiyar farko da na yi aiki a kanta a Mabai take, hannun Baba Tanko, Allah ya jiƙan shi. Na je mashi da ƙirji kamar ƙofar gari, ina jin ranar zan fasa ƙasa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mani igiya. Rani guda cur ban taɓa dagi ba. Aikina in warware igiya kowace safiya in bi ta da tafin hannu, in na ji inda ta fara gashi in nuna mashi. In ja bokitin ƙasa a kura, ƙarfen nan mai juyawa da igiya ke bi, in kai shi nesa in zubar, don ƙasar da ka tara a bakin rami ita ce ke komawa kan mai haƙa. Sai da rani ya zagayo ya bar ni na sauka, shi ma sai da ya koya mani cin ƙasa. E, ci. Jar ƙasa daban, marmara daban, farar ƙasar nan ta wajenmu mai santsi kamar sabulu daban, ga kuma yashi mai daɗin haƙa wanda shi ne ke binne mutum. Ka ɗora a harshe ka ji ko da danshi a bayanta.

Kayan aikin ba su da yawa. Dagi, gajeren diga, shebur da aka rage wa ƙota, bokiti, kura, fitilar ƙwai, da igiya biyu. Ku riƙe igiya biyun nan, za mu dawo kansu. Ɗaya ta kaya ce, ɗaya ta rai. Dokokin Baba Tanko kuwa ukku ne. Fitila ta riga ka sauka, in ta mutu a ƙasa ba mai shiga ranar. Igiyar rai ba ta barin ƙirjinka ko da ƙaiƙayi take maka. Wanda ke sama kuma ba ya hira da kowa, sunanka yake kira jefi-jefi kana amsawa.

Masu rijiya iri-iri ne. Akwai maigidan da zai rantse maka ruwa na zurfin gaba huɗu tunda kakansa ya faɗa, ka kai gaba goma yana tsaye yana hararka kamar kai ka janye ruwan. Akwai Bafillatanin da ba ruwansa da zurfi, shanu nawa za ta shayar kawai yake tambaya. Amma alƙalan gaskiya mata ne. Tsohuwa ta kurɓa ta yi shiru, ka gama lafiya. In ta taɓe baki ta ce da ɗan zartsi, sunanka ya ɓaci har Faskari.

A Faskarin ne ma na fara karya doka. Wani dutse ya tsaya mani a gaba ta bakwai, igiyar rai ta takura ni, na kwance ta. Baba Tanko ya ji ta yi sako-sako a hannunsa, ya sa na fito, ya zaunar da ni gindin ɗorawa. Bai yi faɗa ba. Shi mutumin wuridi ne, ban taɓa jin ya ce rijiya ta kashe wane ba, cewa yake gafala ta kashe shi. Ya ce mani malamai sun kasa jahili gida biyu: wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, wannan nasa da sauƙi, tambaya zai yi, da wanda bai sani ba yana jin ya sani, wannan sai addu'a. Amma ni, in ji shi, ba ko ɗaya a ciki. Ni gafalalle ne, sanin na nan cikin kaina, zuciyar ce ta yi barci ta bar shi a tsaye. Ya ce rai hawa-hawa ne, akwai mai tura ka ga ɓarna, akwai mai zarginka bayan ka yi, akwai wanda ya natsu, kuma ba abin da ke tada zuciya daga barci sai ambaton Allah. Shi ya sa duk ramin da zai sa ƙafa a bangon rijiya da bisimilla yake sa ta. Mutane na cewa don aljanu yake yi. Shi ya ce don kada ya manta inda ƙafarsa take.

Bayan rasuwarsa ƙafa ta yi mani ƙaiƙayi. Na shiga wani kamfanin haƙar burtsatse, muka yi Nijar, muka yi Chadi, har muka leƙa bakin Sudan. Can na zauna da mutum biyu. Ɗaya Nimal, injiniyanmu, mutumin Siri Lanka, siriri, baƙi kamar ni da ku, mai bin addinin Budda, da Hausarsa ta kasuwar Damagaram. Ɗayan Bitrus, direban babbar motar, Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi, wanda ya fi ni sanin ranar da wata zai tsaya don shi ke cinye mani rabin abin buɗa baki.

A wannan ƙasa in rana ta take inuwa ɗaya ce, ƙarƙashin mota, nan mu ukku muke kwanciya kamar ƙadangaru. Nimal na da wata al'ada, kafin ya tada inji sai ya lanƙwashe ƙafa ya rufe ido. Na tambaye shi wa yake roƙo. Ya ce ba kowa, numfashinsa yake kallo yana shiga yana fita. Na ce to Allah ya ba da sa'a, mu dai namu numfashin ba ya buƙatar maigadi.

Shi ya faɗa mamu cewa a wurinsu tushen duk wahalar ɗan Adam jahilci ne, har ya kira sunan abin da yarensu, awijja. Na ce ai mu ma haka, shi ya sa ake neman ilimi. Ya ce ba wannan yake nufi ba, mutum na iya haddace littafi ɗari yana cikinsa tsundum. Jahilcin nasu shi ne ka ga abu ba yadda yake ba, kana kuma da tabbacin ka gani. Ka ɗauki abin da ke canzawa kamar yana nan yadda ka bar shi. Ka ɗauki abin da ke cutarka kamar shi ne daɗinka. Daga nan kwaɗayi ke tsirowa, da tsoro, da gaggawa. Ya jawo wata igiya da ƙafa, ya ce mai tafiya ya hango wannan ya ce maciji, ya ruga ya karya ƙafa, igiya ba ta yi mashi komai ba.

Bitrus ya ce su a coci ba haka aka koya masu ba, ciwon mutum ba a ido yake ba. Ya ce ga shi nan, ya san sarai burkin motar nan na neman gyara, ba barci yake ba, bai ga maciji ba, amma sati biyu ke nan yana cewa gobe. Mutum ya san daidai, yana ma son daidai, ya je ya yi akasi, wannan shi ne zunubi, kuma ba ya iya fid da kansa sai an miƙo mashi hannu daga sama. Nimal ya ce wa'azi ya yi kyau, yau kuma za a gyara burkin.

Ni kuma na kawo masu na Baba Tanko. Nimal ya ce ai barci da makanta 'yan ɗaki ɗaya ne. Na ce a'a, mai barci akwai Mai tada shi. Ya ce a wurinsu mutum shi ke buɗe idonsa da kansa. Nan muke rabuwa kullum, don ni dai ban ga yadda bawa zai fito daga rami ba in ba wanda ke riƙe da igiya a sama. A nan Bitrus ya fi kusa da ni, sai mu taru mu yi wa Nimal rubdugu, shi ko yana dariya yana ɓarar gyaɗa. Ban matsa daga addinina ko taku ɗaya ba, su ma ba wanda ya matsa daga nasa, amma shekara huɗu ba mu gaji da zancen ba.

Wata rana a Chadi ina yi wa Nimal alfahari da dokar fitila. Ya ce doka ce mai kyau, sai dai tsohonmu bai yi zamani da injin fetur ba. Hayaƙin inji in ya taru a rami yana kwantar da mutum fitila na ci. Ba zafi, ba shaƙewa, sai dai mutum ya ji zama ya yi mashi daɗi, ya zauna. Ya kama wuyan hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Idi, kada ka taɓa saukar da inji inda mutum yake. Ko na minti ɗaya."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

Da na dawo gida na koma rijiyar hannu, ni da Sale, sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki a Mabai, kuma a duk Ƙanƙara ba wanda ya kai shi iya ɗaure bango. Ya sha labarin mutanen nan ukku har ya ƙoshi. In na yi tuntuɓe sai ya ce, wannan na Nimal ne ko na Bitrus? In na manta goro a gida ya ce Baba Tanko ya gaishe ni.

Sai shekarar da ɓarayin daji suka hana kowa sakat. Ku kun san ta, wasunku a lokacin suka baro garuruwansu. Ba mai haƙa sabuwar rijiya a gonar da ba shi da tabbacin zai noma, aikin duk ya koma yasa, wato kwashe laka daga tsofaffin rijiyoyi. Mai unguwar wani ƙauye bayan Sabuwa, ba zan faɗi sunansa ba, ya aiko mamu. Mutanen ƙauyuka huɗu sun gudo sun taru a wurinsu, rijiya ɗaya ce mai ruwa, ta cika da laka, ga akuya ta faɗa ciki ta ruɓe, yara sun fara ciwon gudawa. Masu babur biyu suka yarda su kai mu, da sharaɗi. Ƙarfe ukku za su juyo, da mu ko ba mu, don in la'asar ta yi ba mai bin hanyar dajin nan.

Mun isa da hantsi. Gaba goma sha biyu ce, tsohuwa, bangonta lafiya. Na kunna fitila na saukar har kusa da ruwa, ta ci tsaf, na jawo ta tana ci. Aka fid da mushen da ƙugiya. Saura a janye ruwan a kai ga laka. Da guga aikin yini biyu ne, mu kuwa awa biyar gare mu. Mai unguwa ya sa aka kawo injin ban ruwa daga fadama. Muka tada shi a sama, ya yi ta kuka bai jawo ko ɗigo ba, irin wannan zurfi ya fi ƙarfinsa. Wani ya ce ai a saukar da shi ciki, kowa haka yake yi. Na dubi rana. Na dubi matan da ke zaune da jarkoki tun kafin mu zo. Na dubi masu babur, ɗaya na ta duba wayarsa.

Ni na ɗaura wa injin igiyar kaya da hannuna. Ni na saukar da shi ya tsaya a rataye rabin rijiya. Abin da nake ta faɗa wa kaina shi ne ai fitila ta ci.

Ruwa ya ja baya, Sale ya sauka da igiyar rai a ƙirji, ya raɓa ta gefen injin ya kai ƙasa. Ba a kashe injin ba, don in aka kashe shi, idon rijiya zai sake kawo ruwa. To igiyar kaya na riƙe da inji, da me za a jawo laka? Sale ya kwance ta rai ya ɗaura wa bokiti. Ina kallonsa. Bokiti goma, sha biyar, aiki na tafiya kamar wasa. Ina kiran sunansa, amma ƙarar inji ba ta bari in ji amsa, sai na koma ina auna shi da bokiti: in ya girgiza igiya, yana lafiya.

Wajen azahar aka ji ƙarar babura daga yamma, daga wajen daji, da yawa. Ba wanda ya yi ihu. A wannan shekara mutane sun daina ihu. Mata suka bar jarkoki suka suri goyo, maza suka yi cirko-cirko, masu baburanmu suka tada nasu suka juya kansu gabas. Ni ma na bar bakin rijiya na bi bayan mai unguwa har bakin shinge ina leƙe, muna gardama ko a ruga ko a tsaya. Da suka fito fili, 'yan kasuwa ne, da buhunan masara a baya, sun haɗu ne su yi ayari don tsoro, kamar kowa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a bakin shingen nan ba. Da na dawo igiyar bokiti na tsaye ƙyam. Na tari rana da madubi na haska ciki. Sale na zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya karkace, kamar wanda ya ci tuwo ya ƙoshi. Ruwa ya kai mashi cibiya.

Nan take wuri ya cika. Tsofaffi suka ce dama rijiyar nan da masu ita, ba a yi masu sallama ba. Wani malami ya fara karatu, Allah ya saka mashi. Wani ƙato ya tuɓe riga ya sa ƙafa a ramin farko, na cafki wandonsa na jawo shi baya har ya faɗi.

"Duk wanda ya shiga yanzu, gawa biyu za mu ɗauko."

Muka jawo injin yana ci, aka kashe. Na sa aka saro rassan bedi, wato dogon yaro, aka ɗaure a igiya ɗaya, na karɓi lemar wata mata na buɗe na ɗaure a ɗayar, muna saukarwa muna jawowa da sauri don a kori hayaƙin a tura sabuwar iska. Ga inda abin yake: inji ya mutu, ruwa ya fara dawowa. In ka yi gaggawa hayaƙi ya ci ka, in ka jira ruwa ya ci shi. Duk jawowa ɗaya in haska madubi. Ruwa a haƙarƙari. Ruwa a ƙirji. Na ba mai unguwa madubin ya riƙe. Da ruwa ya taɓa wuyan rigarsa na ce ya isa.

Na ɗaura igiya ɗaya a ƙirjina, na riƙe bakin ɗayar a haƙori. Na sa mutum huɗu a kan kowace, na ce wa mai unguwa ya riƙa kiran sunana ba fashi, in na rasa amsa ɗaya su ja, kada su tambayi kowa. Ramukan bangon nan na taka irinsu ba adadi, ranar ƙafata ta yi ta kuskure su, gwiwa na bugun bango. Kowane rami da bisimilla. Na kuma tarar da kaina ina yi wa numfashina gadi, ina kallonsa yana shiga yana fita, ina auna ko ya fara nauyi. A gaba ta goma ya fara. Ba zafi, yadda aka faɗa mani. Wani irin daɗi ne ke sauko maka daga ƙeya, lakar nan mai wari ta zama kamar katifa, wani abu na ce maka ɗan zauna, minti ɗaya kawai. Wannan daɗin shi ne abin da ya fi komai ban tsoro da na taɓa gamuwa da shi, kuma na kwana a dajin da kura ke kuka.

Ruwa na gemun Sale. Na zura igiya ƙarƙashin hammatarsa. Ƙullin da nake yi ido rufe sai da na yi shi sau ukku. Ina jin sunana daga can nesa kamar ana kiran wani. Na tuna na girgiza igiya. Abin da na sake sani shi ne ina kwance a gindin bedi ana yi mani fifita da faifai, kaina kamar ana sara.

Masu babur ba su tafi ba, Allah ya yi masu albarka, ga shi ukku ta wuce. Aka sa Sale a tsakiya, aka ɗaure shi a bayan direba da igiyar rai, ni ina tallafe da shi. La'asar ta same mu tsakiyar dajin. Ba mu tsaya ba har muka ga rufin kwanon Sabuwa.

Sale ya tashi bayan kwana biyu a asibiti. Ya rayu, amma ba duka ya fito daga rijiyar ba. Hannunsa na dama na rawa, magana sai ya nemo ta, yakan manta sunan jikarsa ya yi ta kallonta yana murmushi. Bai sake sauka rami ba. Shi ne dattijon nan da ke saida igiya da guga a bakin kasuwar Ƙanƙara, wanda kuke cewa ya cika bin igiya da tafin hannu kafin ya miƙa wa mai saye.

Na koma ƙauyen daga baya na ƙarasa yasar da guga, yini biyu, na kwana can. Na tara su na ce ba aljanu ba ne, hayaƙin inji ne, kuma ni na saukar da shi. Mai unguwa ya dafa ni ya ce Malam Idi akwai tawali'u. Har yau cewa suke masu rijiya ne suka kama Sale, ni kuma na ƙwato shi da asirin da na samo a Sudan. Na ji an ce bara ma an saukar da inji a wata rijiya kusa da su.

To ga sana'ar da kuka ce ta jaki ce. Haƙar ba wuya, gaskiyarku. Wuyar ita ce ka tsaya a bakin rami rana na tafiya, mutane na kallonka, daji na bayanka, ka ce a'a, sai gobe.

Sale bai taɓa ɗaga mani zancen ba sai bayan wata biyu. Na je gaishe shi, yana zaune a zaure yana koya wa hannunsa naɗe igiya. Muka gaisa, na ba shi goro, ya daɗe yana neman kalmomin, ni kuma na jira shi. Ba fushi a fuskarsa, irin kallon nan ne da yake mani in na yi tuntuɓe.

"Idi, kai da ka zaga duniya. Ranar nan da ka saukar mani da inji, barcin Baba Tanko ne, ko makantar Nimal, ko kuwa na Bitrus ne, ka sani ka yi?"